Ranar da Malam Ya Zauna Bayan Igiya

Ni ban taɓa iya ƙwallo ba, gara in faɗa da bakina kafin wani ɗan Illela ya riga ni. Sau ɗaya aka taɓa sa ni a wasa, ranar da mutum goma kawai suka zo, na yi ta zarya a fili ban taɓa ƙwallon ba sai da ita ta same ni a ƙeya. Daga ranar aka sallame ni cikin mutunci, aka ce in koma bakin fili, can rabona yake. Kuma gaskiya suka faɗa. A farkon shekarun tamanin, ina ƙaramin malamin firamare, babu wanda ya kai ni baki a duk magoya bayan ƙungiyar garinmu. Ina da wani mazurari na kwano da maƙeri ya naɗe mini, da shi nake ba da labarin wasa irin na rediyo, alhali duk waɗanda nake ba labarin suna tsaye suna kallo da idonsu. Sun sha ce mini in rufa musu baki. Ban taɓa rufewa ba.

Yayana shi ne golanmu. Dogo ne, ba ya son magana, tafin hannunsa kamar faifai. Duk surutun gidanmu ni na kwashe, shi kuma ya kwashe haƙurin. Shekara tara yana tsare mana gida, ni kuma ina binsa duk inda aka je: Araba, Amarawa, Gidan Katta, a bayan wata a-kori-kura da sai an tura take tashi. Mu kusan talatin muke cika ta, har da makaɗinmu da kalangunsa, in an zo yashi kowa ya sauka a ɗaga ta. 'Yan wasanmu sukan isa fili sun riga sun gaji da turin mota, shi ya sa in an ci mu ba ma rasa abin faɗa.

Ɗan gabanmu mahauci ne, da tsinin babban yatsa yake buga ƙwallo, ƙafa ba takalmi. Wata shekara aka kawo masa takalmin ƙwallo daga Sakkwato, ya sa, ya ɓarar da ƙwallo uku a gaban gola, da aka tafi hutu ya cire ya rataya a wuya, ya ce takalmin ya hana shi jin abin da ƙwallon ke gaya masa. Ya koma ya ci biyu. Ƙwallon kanta guda ɗaya ce tal, ta sha faci har ba a san asalin launinta ba. In ƙaya ta soke ta sai a tsayar da wasa, a ruga wurin mai facin keke, 'yan kallo su zauna su sayi rake.

Amma babbar matsalarmu gola ce. Itace biyu ne na dogon yaro a kafe, a sama an ɗaura igiyar guga daga wannan zuwa wancan. Babu sandar sama, babu raga. Idan ƙwallo ta zo da ƙarfi ta wuce, sai a rasa ta ƙarƙashin igiya ta bi ko ta samanta, alƙalin wasa kuma yana can tsakiyar fili yana haki. A wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, gardamar igiya ta sa direbanmu ya ja motarsa ya gudu, karo na farko da ta tashi ba turi, muka dawo gida a ƙafa. Bayan wannan aka zauna aka yi tsari. Kowace ƙungiya za ta zo da dattijo guda, ya shimfiɗa buzunsa a bayan golar garinsu, shi ne mai shaida. In an yi gardama, abin da ya faɗa shi ke nan. In ya ce bai gani ba, ba ci. Hikimar ita ce, dattijo ba zai zubar da girmansa gaban baƙi ba saboda wasan yara, kuma in ya ce an ci garinsu, wa zai musa? Tsarin ya yi aiki fiye da yadda muka zata. Namu mai shaidar wani tsohon direban babbar mota ne, in ya ce an ci mu har da harara yake haɗa mana.

Duk waɗannan wasannin share fage ne. Wasan da ake kwana ana tashi da shi shi ne na mutanen Ƙonni, sau ɗaya a shekara, bayan an gama girbi. Tsakaninmu da su ba nisa, rabinsu danginmu ne, ranar kasuwa tare muke cin tuwo, amma a fili ba sani ba sabo. Suna da riguna iri ɗaya masu lamba, kowa da takalminsa, suna shigowa a jere kamar sojoji. Kofin da ake bugawa a kai wata babbar butar shayi ce mai ƙyalli da wani ɗan kasuwa ya bayar, kuma doka ita ce in an yi kunnen doki, buta ta zauna inda take. Tun da aka fara ba ta taɓa tsallako iyaka ta kwana wurinmu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ɗan gabansu taubashinmu ne, ɗan gwaggonmu da ke aure can. Duk Sallah in mun je gaisuwa sai ya sa an dafa mana shayi a cikinta, ya zuba mini da kansa yana tambaya ko sukari ya ji.

A shekarar da nake ba da labari, mahaifinmu ya kira Yaya zaure. Malamin makarantar allo ne, manya kuma suna ɗaukar karatun littattafai a wurinsa bayan la'asar, mu 'ya'yansa ma Malam muke ce masa. Ya ce da Yaya daga wannan rani shi zai riƙa zama yana biya wa ɗalibai karatun la'asar. La'asar kuwa ita ce lokacin ƙwallo. Yaya ya ce to. Ni na yi ta ƙunƙuni a bayan gida, ina cewa Malam dai bai taɓa son ƙwallon nan ba, yanzu ya sami hanyar kashe ta. An bar wa Yaya wasa ɗaya, na Ƙonni, kuma a filinmu za a yi. Da muka keɓe ya ce mini, “So nike butag ga ta kwana Illela ko sau guda ina cikin gola. Shi ke nan.” Ban taɓa jin ya roƙi duniya wani abu ba sai ranar.

Saura kwana biyar ciwon ƙafa ya kwantar da tsohon direban nan, mai shaidarmu. Ranar kasuwa na ci karo da taubashin nan a rumfar masu goro, ya riga ya ji labari.

“To, mai mazurari, wa za ku aje muna bayan igiya? Ko kai za ka zamna, tunda ba ka da wani aiki?”

Ban san lokacin da bakina ya ce, “Kawunka za mu kawo” ba.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Malam? Hilin ƙwallo? In Malam ya zo, ni da kaina ni ka shimhiɗa mai buzu.”

Sai da na kama hanyar gida na gane ramin da na haƙa wa kaina. Na shiga zaure na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye, na kawo zumunci, na kawo hana fitina tsakanin Musulmi, kafin na faɗi abin da ya kawo ni. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Malam ya ja carbinsa, ya tambaye ni.

“Shi mai shaidan, ina shika zama?”

“Bayan gola, Malam. Taku ukku daga inda Yaya ka tsayawa.”

“Taku ukku,” ya maimaita. “To, Allah shi kai mu.”

Na fito ina tsalle kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Amma da na gaya wa Yaya, sai ya ɓata rai irin yadda ban taɓa gani ba. “Wa yac ce ka sa Malam cikin wanga sha'ani? Kai komi sai ka yi magana?” Na ɗauka kunya yake ji mahaifinsa ya gan shi da gajeren wando yana birgima a ƙasa. Na ma yi masa tsiya a kai.

Ranar wasa tun azahar gari ya ɗauka. Mutanen Ƙonni suka yi ta kwararowa a kekuna da babura, taubashin namu a gaba kan basfa, an ɗaure butar a baya da jan ƙyalle. Masu rake, masu ƙosai, masu lamurje, kowa ya kafa. Aka ɗora butar kan teburin da na ɗauko daga ajinmu. Makaɗinmu yana ta zuba kirari, ni ina gwada mazurari, sai hayaniyar ta fara mutuwa daga gefe ɗaya. Malam ne ke tafe cikin farar riga, Yaya na gefensa da buzu a hammata, hannun Malam a kan kafaɗarsa. Fili kaf aka zube ana gaisuwa, 'yan wasa duka da alƙalinsu. Makaɗi ya tura kalangu cikin riga, ya tsaya kamar mai ciki wata tara. Taubashi ya cika alkawari, ya karɓi buzu ya shimfiɗa da hannunsa. Malam ya zauna ya ce, “Ku yi abin da kunka zo yi. Mai kiɗi ma shi hiddo abinai, na ji shi tun daga gida.”

Aka busa usur. Wayyo, wannan wasa! Mutanen Ƙonni suka taso mana kamar mun ci musu gado. Ni kuma ga Malam a fili, dole na wanke bakina, duk zagin da na tanada na haɗiye shi, sai labari tsantsa nake zubawa. “Ga shi nan ya taho! Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ya buga! Golan Illela ya tashi sama ya cafke! Jama'a, ya cafke!” Yaya ranar ba mutum ba ne. Ta sama ya kama, ta ƙasa ya kwanta ya rungume, wata ya doke ta da dunƙule ta koma har tsakiyar fili. Akwai wadda taubashi ya zo shi da shi, ya yi kamar zai buga dama ya buga hagu, Yaya ya miƙa ƙafa ya tare. Na faɗi wannan sau uku a mazurari don taubashin ya ji da kyau.

Ana dab da tafiya hutu, wani ɗan bayanmu ya dirka ƙwallo gaba don kawai ya huta. Ta faɗo gaban mahaucinmu. Bai duba kowa ba, ya soka mata babban yatsan nan. Ta tafi a ƙasa tana tsalle-tsalle, ta bi tsakanin ƙafafun golansu mai safar hannu. Dattijon Ƙonni ya ɗaga hannu ya ce ta shiga. Ban san yadda aka yi na tsinci kaina a tsakiyar fili ba, hula ta tafi, takalmi ɗaya ya tafi, ina rungume da mahauci yana warin kitse ina ce masa ya fi ƙarfin duniya. Mata daga bayan katangu suna guɗa. Makaɗi ya buga kalangu har fata ta kusa fashewa. Ɗaya da nema, mu ke gaba, karo na farko a tarihi.

Da aka juya, masu shaida ma dole su juya, kowa ya bi golansa. Yaya ya naɗe buzu, Malam ya dafa kafaɗarsa, suka ratsa fili a hankali tun daga wannan gola har waccan, jama'a na tafi. Na yi ta kumbura, ina cewa a raina duk Ƙonni a nuna mini mai uba irin wannan.

Zagaye na biyu ba wasa aka yi ba, yaƙi aka yi a ƙofar gidanmu. 'Yan wasanmu kaf suka koma baya, mahauci ma ya dawo yana tare ƙwallo da ciki. Muryata ta dushe amma ban fasa ba. “Ya kama! Ya sake kamawa! Kusurwa ce, sun bugo, ya tashi ya fi kowa, ta zauna a hannunsa!” Nakan saci kallon Malam, in gan shi ya ɗan karkata kai gefe, carbi ya tsaya a hannunsa, yana murmushi. Rana ta yi ƙasa, inuwar itacen gola ta miƙe har tsakiyar fili. Muka fara yi wa alƙali ihu ya duba agogo, ya duba ya ce saura minti biyu. Na hango butar tana ƙyalli kan teburin ajinmu, har na fara tunanin gidan da za a fara dafa shayi a cikinta.

Sai ƙwallo ta faɗo wa taubashi daga nesa, wajen da ba mai hankalin da zai buga. Ya buga. Ta taso sama kamar ba za ta sauko ba, sannan ta sunkuyo. Yaya ya ja da baya ya yi tsalle, ya miƙe iyakar tsawonsa. Igiya ta girgiza. Ƙwallo ta wuce ta faɗa cikin karan dawa.

“Sama! Sama ta bi!” Ni ne na fara faɗa, da mazurari, da sauran muryar da ta rage mini. Mutanen Ƙonni suna ihu ta shiga, namu suna ihu sama. Alƙali ya busa usur ya ruga, fili kaf ya bi shi, aka yi wa Malam zobe. Na kutsa har gaba. Yaya yana tsaye gefe, rabin fuskarsa yashi.

Malam ya ɗaga hannu aka yi tsit.

“Ni dai ban gani ba,” ya ce.

Kun san doka: in mai shaida bai gani ba, ba ci. Mun ci kofi ke nan! Makaɗi har ya ɗaga sandar kiɗa, wasu sun fara rugawa wajen tebur. Amma hannun Malam bai sauka ba.

“Ku dakata. Akwai wanda yaf fi ni kusa da ita.” Ya juya wajen gola. “Kai, matso nan. Ta shiga ko ba ta shiga ba?”

Na kafe Yaya da ido, ina roƙonsa da duk abin da ke fuskata. Ba sai ya yi ƙarya ba, ya ce shi ma bai gani ba, yana sama, rana ta kashe masa ido. Wa zai ce a'a? Ya dubi tebur, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya durƙusa gaban buzu.

“Ta shiga, Malam. Ta taɓa yatsana, ta bi ƙarƙashin igiya.”

“Kun ji,” in ji Malam. “Ta shiga.”

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. An tashi ɗaya da ɗaya. Aka sake ɗaure buta a bayan basfa. Taubashi, abin mamaki, bai yi mini tsiya ko ɗaya ba, ya je ya riƙe hannun Yaya ya daɗe bai saki ba, wannan ma ya ƙara mini haushi. Na yi jifa da mazurari cikin kara, na tafi gida da takalmi ɗaya, ban ci tuwo ba. Na ji haushin Malam, na ji haushin Yaya, na ji haushin wanda ya ƙirƙiro igiya.

Washegari da hantsi na sami Yaya a bakin rijiya yana wanke rigar golarsa. Na sauke masa duk abin da na kwana da shi. Shekara tara, na ce, shekara tara kana faɗuwa a kan tsakuwa, an miƙo maka buta har hannu ka mayar. Malam da kansa ya ce bai gani ba, ya buɗe maka ƙofa, kai ka rufe.

Ya matse rigar ya shanya a kan danga kafin ya amsa.

“Kai kana tsammanin ƙyafta ido yay yi? Malam ba shi gani. Shekara guda ke nan, abin da yaw wuce tsawon hannunai sai dai inuwa. Ni ka karanta mai wasiƙa, ni ka gaya mai in akwai rami ga hanya. Don mi kake zaton yac ce in zamna zaure?” Ya ɗauki guga ya ajiye. “Ya hana a faɗi, ba shi son a riƙa tausayinai. To in na yi mai ƙarya jiya kan ƙwallo, gobe in na ce mai ga abin da takarda tac ce, da wane ido za shi duba?”

Hannun da ke kan kafaɗa ya dawo mini, da tambayar taku nawa ne. Gida ɗaya muke kwana, kullum ina gaishe shi, ina ta surutu, ban lura ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na wuce zaure. Tun ban yi sallama ba Malam ya ce, “Mai mazurari ne? Shigo.” Na shiga na durƙusa.

“Allah shi yi ma albarka,” ya ce. “Shekara tara ana ce min yayanka ya iya, ban taɓa zuwa ba, sai da zuwan ya zan ba ya da amfani. Amma jiya na ga wasa. Duk kamun da yay yi, ga bakinka nig gane shi. Sha ɗaya na ƙidaya.” Ya yi murmushi, ya ci gaba da jan carbinsa. “Guda ɗai ce ba ka ba ni daidai ba, ta ƙarshe. Ka ce sama. Kai ka gani?”

“Ban gani ba, Malam.”

“To. Ni da kai duka.”

Da la'asar ɗalibai suka taru, Yaya ya zauna kusa da Malam ya buɗe littafi. Ni kuma na koma fili ni kaɗai, na shiga cikin karan dawa ina neman mazurarina.